Bayan PES, Ina Aka Nufa? Neman Wasan Bidiyon Da Zai Zauna Da Mutum

Ka tari duk wani magidanci ɗan shekara 30 zuwa 45 a Kano ko Kaduna ko Damagaram, wanda ya taɓa riƙe hannun gem a ƙuruciyarsa, ka ce masa "Castolo". Kafin ya ba ka amsa za ka ga murmushi ya suɓuce masa. In ka ƙara da "Minanda", to ka nemi wurin zama, domin hira ta ɓarke ke nan. Waɗannan ba 'yan ƙwallon gaske ba ne, ba su taɓa taka ciyawar wani fili ba. Sunaye ne da kamfanin Konami na ƙasar Japan ya ƙirƙira ya zuba a cikin wasan ƙwallon ƙafa na bidiyo mai suna Pro Evolution Soccer, wanda aka fi sani da PES, ko kuma Winning Eleven kamar yadda ake kiransa a can ƙasarsa. Duk da haka, akwai lauyoyi da likitoci da 'yan kasuwa a yau da suka fi tuna su fiye da wasu 'yan ajinsu na sakandare.

Ina cikin wannan tsara. Na fi shekara 10 ba ni da wani wasa sai PES, sannan sannu a hankali ya dushe a rayuwata, kamar yadda ya dushe a rayuwar mafi yawan tsararrakina. Tun daga lokacin, tambayar da ake yawan yi idan mun haɗu a wurin ɗaurin aure ko suna ita ce: "Yanzu wane kake bugawa?" Amsar da aka fi ji kuwa ita ce: "Babu tsayayye." Wannan ya sauke wani a waya ya goge bayan mako biyu, wancan ya sayi na'ura mai tsada ta zama kayan ado a falo.

Na san wani mai karatu zai ce ana fama da tsadar rayuwa, wa ke ta wasan yara? Ina ganin tsadar ce ma ta sa maganar ta cancanci shafin jarida. Lokacin hutun magidanci kaɗan ne, kuɗin nishaɗinsa ya fi lokacin ƙaranci, ga kuma wata babbar masana'anta ta duniya da ta ɗana tarko a kan duka biyun. Wayoyin da ke hannun 'ya'yanmu da ƙannenmu cike suke da hajarta. Wanda bai san yadda zai zaɓa wa kansa wasa ba, da wuya ya iya zaɓa wa ɗansa.

Abin da muka samu a PES

Sunan Pro Evolution Soccer ya fara fitowa a Turai a shekarar 2001, amma wasan ya riga sunan isowa gare mu, tun zamanin PlayStation ta farko. Wani abin da ya ɗaure mu da shi tun a lokacin shi ne ɗan gida da muka tarar a ciki. Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, wanda ya yi wa Ajax ta ƙasar Holan wasa, ya ci zinare da Najeriya a gasar Olamfik ta 1996, ya kuma ci ƙwallo ɗaya tilo da muka samu a ragar Denmak a Kofin Duniya na 1998, yana cikin mafiya gudu a wasan baki ɗaya. In ka tura masa ƙwallo ta gefen dama, mai tsaron baya sai dai ya bi shi da kallo. Har a Burazil da Indunusiya akwai waɗanda ta wannan hanya suka san sunansa.

Da PlayStation 2 ta zo a shekarar 2000, na'urar da aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, sai gidajen gem suka cika unguwanni. Shago ne ɗan ƙarami da benci biyu ko uku, da talabijin mai ƙeya, da janareto yana ruri a waje. Dokar wurin sananniya ce: wanda aka ci shi ke biya, ya kuma miƙa hannu ga na bayansa. A shekarar 2006 aka fitar da PES 6, wanda da yawa ke ɗauka shi ne ƙololuwar jerin, mai hoton Adriano na Inter Milan, wanda in ya saki ƙwallo da ƙafar hagu daga nesa sai dai mai tsaron gida ya ɗauko ta a raga.

Abin lura shi ne wasan bai cika da ƙawa ba. Konami ba shi da lasisin yawancin ƙungiyoyin Ingila, don haka a shekaru da dama Manchester United ta kasance Man Red, Liverpool ta zama Merseyside Red, Chelsea kuma London FC. Ba wanda ya damu. Masu haƙuri sukan zauna su gyara sunaye da riguna ɗaya bayan ɗaya su adana a katin memori. Abin da ya riƙe mu shi ne yadda ƙwallon ke tafiya: tana da nauyi, tana iya kuɓuce wa gwani, kuma da wuya ka ci ƙwallo biyu iri ɗaya.

Sai kuma Master League, inda Castolo da Minanda ke zaune. Ana ba ka ƙungiya a rukuni na ƙasa, cike da 'yan wasa marasa ƙarfi: Ivarov a raga, Valeny a baya, Espimas da Ximelez a gefe. Da su za ka yi ta fafutika, kana tara maki kaɗan kaɗan, har ka iya sayen ɗan wasa guda na kirki. Kaka bayan kaka ƙungiyar na girma, matasa na ƙwarewa, tsofaffi na ritaya. Ranar da ka ɗaga kofi, ka san tun daga inda aka faro. Zan dawo kan wannan, domin a nan amsar tambayarmu take.

Yadda ya dushe

Wasa yakan mutu ta fuska biyu, kuma yana da kyau a rarrabe su. Fuska ta farko ita ce ta kasuwa, kuma tarihinta a rubuce yake. Da aka koma na'urorin PlayStation 3 da Xbox 360, abokin hamayyarsa FIFA na kamfanin EA Sports ya farfaɗo ya sha gabansa a ciniki. Konami ya riƙe lasisin Gasar Zakarun Turai na tsawon shekara 10, sannan a 2018 lasisin ya koma hannun EA. A 2020 ba a yi sabon PES ba, sai sabunta na shekarar da ta gabata. Ranar 30 ga Satumba, 2021, aka fitar da magajinsa mai suna eFootball 2022, wanda ake saukewa kyauta. Ya fito da ƙungiyoyi 9 kacal da za a iya bugawa da su ba tare da intanet ba, babu Master League, fuskokin 'yan wasa kuma suka zama abin dariya a kafofin sada zumunta. Cikin kwanaki ya zama wasan da masu saye suka fi kushewa a shagon intanet na Steam, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Daga baya an yi masa gyare-gyare masu yawa, kuma a yau miliyoyin mutane na buga shi, musamman a waya. Sai dai sunan PES ya tafi, tsarin kuma ya sauya.

Fuska ta biyu ba ta da alaƙa da kamfani, kuma a wurina ita ce ta riga zuwa. Bencin ne ya watse. Wannan ya tafi bautar ƙasa bai dawo ba, wancan ya yi aure, wani aiki ya kai shi Legas, wani kuma ya riga mu gidan gaskiya. Rabin daɗin PES yana kan allo ne, ɗaya rabin yana gefenka: abokin da ka san zai yanke ta hagu tun kafin ya yanke, da ihun 'yan kallo, da tsiyar da za a yi ta yi maka har mako ya zagayo. Har yau ana samun faifan PES 6 da PES 2013 da masu sha'awa suka sabunta da 'yan wasan bana, kuma wasan na nan yadda yake. In ka kunna shi kai kaɗai da tsakar dare, minti 20 sun isa ka gane cewa abin da kake nema ba ya cikin faifan.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mai neman tagwayen tsohon wasansa zai daɗe yana nema, domin yana auna kowane sabon wasa da ma'aunin da ya haɗa da ƙuruciyarsa, ita kuwa ba a sayar da ita a kowane shago.

Kasuwar da muka tarar

Wanda ya fito neman sabon wasa a yau zai tarar kasuwar ba yadda ya bar ta ba. A da, ka sayi faifai, ciniki ya ƙare, wasa ya zama naka. Yanzu yawancin manyan wasanni an gina su ne don cinikin kada ya ƙare.

Mu ɗauki wasan ƙwallo, tunda can mafi yawanmu suka fara leƙawa. EA ya fara fitar da FIFA a 1993, ya rabu da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya bayan kusan shekara 30, inda FIFA 23 ya zama na ƙarshe, aka koma EA Sports FC daga 2023. Zuciyar cinikin wasan wani sashe ne mai suna Ultimate Team, wanda aka fara a 2009. A nan kana haɗa ƙungiya ne da katunan 'yan wasa, katunan kuma suna zuwa a ƙunshe. Kana iya samun ƙunshi da guminka, kana iya saya da kuɗi, amma ba ka da tabbacin wanda zai fito maka. A rahoton kamfanin na shekarar kuɗi ta 2021, wannan sashe a wasanninsa daban-daban ya kawo masa fiye da dala biliyan 1.6. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, idan sabon wasa ya fito a ƙarshen damina, ƙungiyar da ka shekara kana ginawa ba ta binka. Za ka koma farko.

Wasu ƙasashe sun sa ido a kan irin wannan ƙunshi. A watan Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa sayar da shi da kuɗi a wasu wasanni caca ne, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da kuɗin cikin wasan a ƙasar. Mu da addininmu da tarbiyyarmu suka yi tsayuwar daka a kan caca, ya kamata mu san abin da yaro ke nufi idan ya ce a saya masa "kati".

Wasannin waya na kyauta kuwa suna da nasu salon. Akwai ladan shiga kullum, wanda in ka tsallake rana guda sai lissafin ya karye. Akwai kyautar da ke ƙarewa cikin awa 24, da tikitin kaka wanda sai ka yi ta bugawa kafin ka fanshe kuɗinka. Mutum zai wayi gari yana buɗe wasa don kada ya yi asara, alhali daɗin ya daɗe da tafiya. Irin wannan ne ake kira sabo turken wawa. Sau da dama idan wani ya ce ya sami tsayayyen wasa, in ka bincika za ka tarar wasan ne ya same shi.

Sannan ga batun mallaka. A 2014 kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da wasan tseren mota mai suna The Crew, wanda ba ya aiki sai da intanet. A ƙarshen watan Maris na 2024 kamfanin ya kashe kwamfutocin da ke riƙe da wasan, sai ya daina aiki ga kowa, har da wanda ya sayi faifai da kuɗinsa. Wannan ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda a 2025 ya tara sa hannun mutum fiye da miliyan 1 a Tarayyar Turai. A 2024 kuma jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa shagunan intanet su bayyana wa mai saye cewa izinin amfani yake saya. Ashe dai kayan aro ne, shi kuwa ba ya rufe katara.

Ma'aunin da dara ta ba ni

Da na rasa ma'auni a cikin kasuwar, sai na waiwayi wani daɗaɗɗen wasa na ƙasarmu. Dara gurbi 30 ce a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wannan tsinke wancan tsakuwa. Ka jera uku ka ci ɗaya na abokin karawarka. Yaro zai koyi dokarta a zama guda, dattijo kuma zai shekara 50 yana yi bai ƙure ta ba. Babu mai iya rufe ta, babu wanda zai sayi ɗa na 13 da kuɗi, kuma in ka yi tafiyar wata 6 ka dawo, gindin bishiyar na nan, dokar ma na nan. Daga nan na fitar da tambayoyin da nake yi wa kowane wasa kafin in ba shi lokacina.

Tambaya ta farko: in babu intanet, ko kamfanin ya juya masa baya, zai yi aiki? A wurinmu wannan ba batun gobe ba ne, batun yau da dare ne, domin data na ƙarewa, layi na yankewa, wuta na ɗaukewa. Wasan da ba ya buɗewa sai ya gaisa da wata kwamfuta a Turai ba zai zama abokin zama a nan ba.

Ta biyu: me ke kawo nasara, ƙwarewa ko aljihu? Idan wanda ya fi ka kuɗi zai iya sayen abin da zai doke ka da shi, to gasar ta koma banki.

Ta uku: abin da na koya bana zai yi mini amfani baɗi? Wasan da ke zama da mutum dokarsa a tsaye take, zurfinsa ne ke ƙaruwa gwargwadon fahimtar mai yin sa. Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, siffofi 7 ne kacal ke faɗowa daga sama, amma har yau ana gasarsa ta duniya.

Ta huɗu, wadda na fi bai wa muhimmanci: yana barina in tashi? In an kira salla, ko baƙo ya yi sallama, ko yaro ya farka yana kuka, zan iya dakatar da shi ba tare da hukunci ba? In na yi wata guda ban leƙa ba, zai tarbe ni yadda na bar shi? Wasan da ke fushi idan an bar shi ya zama ubangida.

Bayan waɗannan akwai tambayar da mutum zai yi wa kansa, wadda ta fi su wuya: mene ne ainihin abin da nake so a tsohon wasana? Da na natsu a kan wannan, sai na ga ƙwallon ba ita ce gaba ba. Abu biyu ne suka riƙe ni a PES: renon ƙaramin abu har ya girma, kamar yadda ake yi da su Castolo, da kuma karanta zuciyar abokin karawa. Da zarar na gane haka, sai ƙofa ta buɗe, domin ba lallai magajin ya zama wasan ƙwallo ba.

Inda na yada zango

Wani abin mamaki ne ya ja ni zuwa inda nake yanzu. A watan Agustan 2021, makonni kaɗan kafin fitowar eFootball, aka ƙara wa wasan dabarun yaƙi na Age of Empires III wani sashe mai suna The African Royals, wanda ya kawo al'ummomi biyu: Habasha da Hausa. Babban birnin Hausawan wasan Kano ne, jagorarsu Sarauniya Amina, cikin mayaƙansu akwai barade masu lifidi da maharban Fulani da wasu da ake kira Maigadi, kuma in ka ba su umarni da Hausa suke amsawa. Jin harshenka yana fitowa daga bakin ɗan mitsitsin soja a allon kwamfuta abu ne mai faranta rai. Haka kuma a watan Fabrairun 2025 wasan Civilization VII ya fito da Amina a cikin shugabannin da ake zaɓa. Ba littafin tarihi ba ne, kada ɗalibi ya kai shi ɗakin jarrabawa, amma yana iya tura yaro ya tambayi mene ne lifidi.

Daga nan na gangara zuwa ga yayansa, Age of Empires II, kuma a nan na zauna. Kamfanin Ensemble Studios ne ya yi shi, Microsoft ya fitar a 1999, da al'ummomi 13. Ana fara ka da ɗan ƙaramin gari, da talakawa uku ga yawancin al'ummomi, da mahayi guda mai leƙen asiri. Za ka tara abinci da itace da zinariya da dutse, ka yi noma, ka gina kasuwa da ganuwa, ka ratsa zamani huɗu, ka kafa runduna. Mai mashi yana maganin mai doki, mai doki yana tarwatsa maharba, maharba kuma suna kashe dakarun ƙasa tun daga nesa. Taswira tana sauyawa a kowane zama, don haka ba a haddace ta. Kowane wasa ƙaramin Master League ne da ke farawa ya ƙare cikin kimanin minti 40: ka faro da babu, ka yi reno, ka yi ƙoƙarin gane abin da abokin gaba ke ƙullawa a bayan duhun taswira.

Tarihin wasan ne ya fi gamsar da ni. An rufe Ensemble Studios a 2009, kuma tun kafin nan dandalin da ake haɗuwa a buga shi ta intanet ya daina ɗaukarsa. Da wani wasan ne, da an yi jana'iza. Sai masoyansa suka kafa nasu dandalin suka ci gaba. Wasu daga cikinsu suka ƙirƙiro ƙarin al'ummomi don sha'awa, aikin ya yi kyau har Microsoft ya karɓe shi ya fitar a hukumance a 2013, shekarar da aka sake fito da wasan. A 2015 aka ƙara sashen The African Kingdoms mai ɗauke da Mali da Habasha da Barbar da Fotugal, inda ake bin labarin Sunjata da na Ɗariƙu ɗan Ziyad, kuma babban ginin alfaharin mutanen Mali shi ne masallacin Jenne. A watan Nuwambar 2019 aka fitar da sabon bugu mai suna Definitive Edition. Yanzu al'ummomin sun haura 40, ana gasa ta duniya da kyautar kuɗi, amma wanda ya iya wasan a 1999 zai zauna yau ya gane gidansa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Da na ɗora shi a kan ma'aunin, ya ci uku cikakku. Akan sayar da ƙarin al'ummomi, amma babu sojan da ake saya da kuɗi a tsakiyar yaƙi. Dokarsa ta haura shekara 25 a tsaye. Ina karawa da kwamfuta ba tare da intanet ba, in dakatar ko in adana duk lokacin da na so, kuma bai taɓa aiko mini da saƙon cewa in dawo ba. A tambaya ta farko ce yake da rauni, domin sabon bugun ta shagon intanet ake sayensa, izini ne shi ma. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne wasan ya taɓa rasa mai kula da shi, bai kuma mutu ba. Yana kuma buƙatar kwamfuta mai ɗan ƙarfi ko na'urar gem, wanda ba kowa ke da ita ba, ko da yake bugun 2013 yana tafiya a tsofaffin kwamfutoci.

Batun benci fa? Ba ya dawowa yadda yake, amma ana iya kafa ƙaraminsa. Ni da wani tsohon abokin karawata da ke wani gari mun tsayar da daren Asabar, idan layi ya yi kyau, mu haɗu gefe guda mu yaƙi kwamfuta. Rabin lokacin hirar iyali ce. Wasan ya zama dalilin da ya sa ba ma wata guda ba mu ji muryar juna ba, kuma ko wannan kaɗai ya biya kuɗinsa.

Kowa da nasa

Ba ina cewa kowa ya koma Age of Empires ba. Wanda abin da ya fi so a PES shi ne ciniki da tsara ƙungiya, zai fi samun kansa a Football Manager, ko ma kakansa Championship Manager 01/02, wanda aka saki kyauta tun tuni kuma har yau masoyansa na sabunta shi. Wanda ya fi son gini, ga Minecraft, wanda ya cika fitowa a 2011, aka kuma sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Wanda karawar ƙwaƙwalwa yake so kuma waya kaɗai gare shi, ga darar Turawa a dandalin Lichess, kyauta, babu talla, ba ta kuma cin data sosai. Wanda kuwa ƙwallon ce dai a ransa, yana iya tsayawa a kan bugu guda na PES ko FIFA ya yi ta buga kakarsa ba tare da intanet ba, bai bi sabon faifan kowace shekara ba. Sharaɗin dai shi ne ka bai wa wasa guda wata biyu ko uku kafin ka yanke masa hukunci. PES ma ba a rana ɗaya ya shiga ranmu ba. Sai da aka lallasa mu sau ba adadi, muka biya kuɗin wasa, muka koma bayan layi.

Ga iyaye kuma, hani kaɗai ba ya aiki, domin wayar maƙwabci na nan. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya larurar kamuwa da wasan bidiyo a kundinta na cututtuka, kuma alamominta su ne mutum ya kasa sarrafa lokacin wasansa, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illa. Ƙalilan ne ke kaiwa wannan matsayi, amma hanyar zuwa can ta fi santsi a wasannin da ke hukunta mai tashi. Zauna kusa da ɗanka na rabin awa ka kalli abin da yake bugawa. Dubi ko akwai agogon da ke ƙirga masa lokacin wata kyauta, dubi ko akwai ƙunshin da ake saya a rufe. Sannan ka ce masa ya ajiye ya zo ku ci abinci, ka ga yadda wasan zai yi da shi, da yadda shi zai yi da kai. Abin da za ka gani a wannan rabin awa ya fi duk abin da na rubuta a nan amfani.

Allah Ya sa mu fi ƙarfin abin da muke wasa da shi, Ya kuma yi wa lokacinmu albarka.